Zanen da Siminti Ya Cinye

Firjin gidan magini ya girmi 'yarsa da shekara biyu. Yana tsaye a lungun falo, tsakanin ƙofar kicin da tagar da ke kallon titi. Robar bakin ƙofarsa ta saki tun tuni, sai an tura da gwiwa kafin ta kama. A cikinsa, a hawa na biyu, akwai wata farar roba mai murfi wadda ko baƙo ya san ba a taɓa ta. A ciki ruwan allurar yarinyar yake.

Shekararta goma sha huɗu, biyar daga ciki da ciwon suga ta yi su. Sunan mahaifiyarsa ya sa mata, don haka bakinsa bai taɓa iya kiran sunan ba, sai dai Uwata. Ita take yi wa kanta allura safe da yamma, hannunta ko rawa ba ya yi. Shi ne dai yake juya baya yana duban bango kamar mai neman tsaga.

Shekara biyu da suka wuce wutar unguwar ta lalace a tsakiyar zafi, aka yi kwana biyu babu ita. Ruwan allurar bai canza kala ba, bai yi wari ba, ashe ƙarfinsa ya tafi. Yarinya ta yi ta tsira wa kanta abin da bai fi ruwan famfo ba, har ranar da ta kasa tashi daga kan gado. Kwana huɗu suka yi a asibiti. Tun daga nan magini ba ya sa takalmi da safe sai ya dafa gefen firjin ya ji ɗumin injinsa a tafin hannu. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

A wurin aiki Malam Idan-fa suke kiransa, don kowace magana tasa da haka take farawa. Idan fa aka yi ruwa? Idan fa tsanin nan ya zame? Matarsa, wadda ke ɗinki a gida da keken ƙafa, ta ce da damuwa tana da kasuwa da tuni sun gina bene nasu na kansu, maimakon haya a saman na wani, ƙarƙashin rufin kwano.

A rediyo ya ji sanarwar, yana shan shayi. Gwamnati ta ce tsadar samar da wuta ta kai inda ta kai. Daga ɗaya ga wata mai kamawa za a riƙa ɗauke wutar gidaje daga sha biyun rana zuwa biyar na yamma, a bar wa asibitoci da masana'antu. Ba wanda zai hau falwaya ya yanke waya. Sababbin mitocin da aka kafa bara su za su kashe kansu daga ofis. Amma gidan da ke da majinyaci mai buƙatar firji ko injin numfashi za a bar masa 'yar wutar da za ta riƙe wannan kaɗai, in dai mai sunan mitar ya je ofishin wuta da takardar asibiti ya dangwala yatsa kafin wata ya ƙare.

Ya ajiye kofin.

“Maman yara, kin ji?”

“Na ji. Ai sun ce za su bar mana. Sha shayinka.”

“Idan fa takardar asibitin ta tsufa?”

“Sai a karɓo sabuwa.”

“Idan fa…”

“Malam, don Allah. Allura ce a hannuna, kada ka sa in soke kaina.”

Bai ƙarasa shayin ba. Ranar ya je asibiti ya karɓo sabuwar takarda mai hatimi biyu, ya sa ta a leda, ya sa ledar a wata ledar. Washegari, ashirin ga wata, tun ba a buɗe ofishin wuta ba yana bakin ƙofa. Shi ne na uku a layi.

Ɗakin rajistar dogo ne, da benci uku da fanka ɗaya mai juya kai kamar tana ƙin maganar kowa. A kan teburi akwai kwamfuta, gefenta wata 'yar na'ura wadda ba ta fi sabulun wanka girma ba, da ɗan gilashi a samanta. Ma'aikacin matashi ne, yana aiki da sauri kamar mai gudun kada mota ta bar shi. Ya duba takarda, ya buga lambar mita, ya buga lambar katin shaida.

“Baba, babban yatsa.”

Magini ya goge yatsan a wando ya ɗora. Na'urar ta yi tunani, ta kunna ja.

“Danna sosai.”

Ya danna har farcen ya yi fari. Ja.

“Kawo na hagu.”

Ya kawo na hagu. Ja ta sake fitowa, wannan karon da wani ɗan ƙara, kuma wani rubutu ya cika fuskar kwamfutar. Matashin ya sosa ƙeya.

“Kash. Ta rufe ka, Baba.”

“Ta rufe ni kamar yaya? Ga ni zaune.”

“Sau uku take bayarwa. In ba ta gane mutum ba sai ta rufe shi kwana goma. Saboda ɓarayi aka yi ta haka. Akwai masu zuwa da takardar ƙarya da sunan wani, su samu wuta su riƙa yin ƙanƙarar sayarwa. Mu ga hannun naka.”

Ya juya hannun a ƙarƙashin haske, sai ya yi 'yar dariya, ba ta mugunta ba.

“Wane aiki kake yi?”

“Gini. Filasta na fi yi.”

“Shi ya sa. Dubi, ba zane ko ɗaya. Siminti ya cinye.”

Magini ya dubi babban yatsansa kamar yau ya fara ganinsa. Sumul yake, yana sheƙi, kamar sabulun da ya kusa ƙarewa. Shekara ashirin da shida yana shafa bango da shi yana jin inda ya yi tudu da inda ya yi kwari, bai taɓa lura bangon ma yana shafarsa ba.

“Amma ai lokacin da aka yi mini katin ta karɓa,” ya ce. Sai kuma ya tuna: a shekarar ce ya faɗo daga kan katako ya karye a ƙafa, ya yi wata biyu bai taɓa siminti ba.

“Matata fa? Ita ta zo ta dangwala.”

“Sunanka ne a mita. Canjin suna sati shida yake ɗauka. Ka dawo ran talatin.”

“Ran talatin ai ranar rufewa ce.”

“Ita ce. In ta sake rufe ka, sai rajista ta biyu, bayan wata uku. Na gaba!”

Wata ukun nan su ne watannin da rufin kwanonsu ke mayar da falo tanda. Magini ya fito titi da takardarsa a leda biyu, ya tsaya a inuwar wani kanti yana duban yatsansa har mai kantin ya tambaye shi ko ƙaya ce ta soke shi.

A wurin aiki gini ne mai hawa uku, an kai ga filastar matattakala, aikin da ɗan kwangila ba ya ba kowa sai shi, don shi kaɗai ke fitar da kusurwa kamar an yanka da wuƙa. Kafintan da suka shekara goma sha biyar suna bin gine-gine tare yana zaune a kan buhun siminti da ƙusa a baki lokacin da ya ji labarin. Sai da ya tofar da ƙusar don dariya.

“Ashe gwamnati ma ta bincika ta ga ba ka nan! Ni da ma na daɗe ina zargi.”

“Kai dai ba ka da kirki.”

“Wallahi dama ce ta same ka, Idan-fa. Ka bar gini ka koma sata. Ka shiga banki da rana tsaka ka taɓa duk abin da ka ga dama, 'yan sanda su zo da hodarsu su yi ta busawa.”

“Maganar maganin Uwata ce fa.”

Kafinta ya daina dariya. Ya ɗauki ƙusar daga ƙasa ya goge ta a riga.

“To me likitoci suka ce? Yana dawowa?”

“Na biya ta asibiti. Nas ta ce yana tsirowa in fata ta huta da siminti. Sati biyu, sati uku.”

“Kai kuma kwana goma gare ka.”

“Tara da rabi.”

Da farko ya so ya haɗa gudu da susar baya. Ya sayi safar hannu ta roba, ya sa, ya ɗauki cokalin gini, bai yi rabin awa ba ya cire; ya ce kamar mutum ya ci abinci da bakin wani ne, ba ya jin bangon. Sai ya yanke gidan babban yatsan kaɗai ya ɗaure da zare, ya ci gaba da aiki. Da yamma da ya kwance, gumi ya jiƙa yatsan ya yi fari fat, ya tattare kamar na wanda ya wuni a wanki. Matarsa ta kama hannun ta juya.

“An gudu ba a tsira ba. Wannan ko ni ban gane shi ba, balle na'ura.”

Kwana biyu ya yi yana wannan dabarar. A rana ta uku ya tsaya a gindin matattakalar, ya dubi rabin da ya gama da rabin da ya rage, ya kira ɗan kwangila ya ce a ba wani. Aka ba wani magini da ke aikin katanga, mutumin da ke filasta kamar yana shafa wa jaki magani. Magini ya wanke cokalinsa, ya naɗe shi a tsumma, bai waiwaya ba, don ya san in ya waiwaya zai ƙwace kwanon simintin daga hannun mutumin.

Zaman gida ya fi masa ɗaukar bulo wuya. Safe da yamma matarsa na shafa wa yatsan man shafawa, ta hana shi taɓa ruwan omo, ta hana shi buɗe kwalba, ta hana shi ko ɗaure igiyar shanya. Yana zaune a kujera da babban yatsa a sama, kamar mai yaba wa duk wanda ya wuce.

“Sannu da hutawa, Alhajin yatsa,” in ji ta daga bayan keke. “A kawo fanka kusa ne, ko a yi masa fifita?”

“Ki yi dariyarki. Akwai wata tsaga can sama da taga, tun yaushe take?”

“Tun shekara uku. Sai yau ka gan ta don an hana ka aiki. Ka taɓa ta ka gani.”

Tunda an hana hannu aiki, sai kai ya karɓa. Ya kira mai gyaran firji ya duba robar ƙofa. Mutumin ya ce irin wannan an daina yin ta tun kafin ya koyi sana'a. Magini ya tambayi nas ko a sa maganin cikin kula da ƙanƙara. Ta ce a yi hattara, in ya daskare ma ya lalace, kuma wa zai tsaya yana gadin kula kullum har wata uku? Wata rana ya kai farar robar firjin maƙwabciyarsu ta ƙasa, ya dawo ya zare wayar nasu da sha biyu daidai, ya sa kofin ruwa a hawa na biyu, ya zauna da agogo. Da ƙarfe uku ya buɗe ya tsoma ɗan yatsa. Ruwan ya fara sakin sanyi. Da ƙarfe biyar kuwa, sai ka ce daga tulun da aka manta a rana aka ɗebo shi. Ya mayar da waya, ya je ya karɓo robar. Matarsa ta dubi fuskarsa, ranar ba ta yi masa ba'a ba.

Yarinyar ce ta ƙirƙiro awon yatsa. Kullum in ta dawo daga makaranta, kafin ta cire takalmi, sai ta ɗauko kofin gilashi ta goge shi tas da gefen mayafinta.

“Majinyaci, miƙo.”

Ya miƙa. Ta danna yatsan a jikin kofin, ta ɗaga wajen taga ta kanne ido ɗaya.

“Me kika gani, Uwata?”

“Hadari. Babu ko layi.”

Rana ta biyar ta ce ta ga wani abu a gefe kamar sawun tururuwa. Rana ta shida ta ce tururuwan sun ƙaru. Shi da ya karɓa ya duba bai ga komai ba sai maiƙo, amma bai musa mata ba. Da ta miƙo masa kofin ya ga kan yatsunta, duk ɗigo-ɗigon baƙi inda take huda su don awon suga. Ya riƙe hannun ya daɗe.

“Suna zafi?”

“Sun saba. Baba, ka daina kallona haka, kamar ka ga bangon da ya karkace.”

“Idan fa na'urar ta sake ƙi?”

“Sai mu san abin yi. Ai ba yau muka fara ba.”

Ta zare hannunta ta tafi cire kayan makaranta. Ya bi ta da kallo. Yarinyar da ya kamata a ce shi yake lallashi, ita ke lallashinsa.

Ran talatin ga wata ɗakin rajista ya cika har waje, don mutane ba sa tashi sai sun ga ƙofa za ta rufe. Magini ya zo da hannunsa naɗe a farin ƙyalle, yana kare shi daga turereniya kamar mai ɗauke da ƙwai. Duk da sammakon da ya yi, lamba ta arba'in da ɗaya mai gadi ya ba shi. Sai bayan azahar aka kira shi.

Ba matashin nan ba ne a teburin. Wata mata ce mai manyanta, da tabarau rataye da igiya, tana magana a hankali kamar ba ta ga layin ba. Ta buga lambobinsa, ta karanta abin da ya fito, ta dube shi ta saman tabarau.

“Kai ne mai siminti. An rubuta. To bismilla, Malam, mu gani.”

Ya kwance ƙyallen, ya ɗora yatsan a hankali yadda 'yarsa ta koya masa, ba dannawa, ba karkarwa. Na'urar ta yi tunani. Ja.

Ya ɗago kai ya dubi matar.

“Kwantar da hankalinka. Ya bushe da yawa ne. Goga shi a goshinka.”

“A goshi?”

“Goga dai. Ga gumi nan Allah ya hore maka.”

Ya goga, ya ɗora. Wannan karon na'urar ta daɗe. Wata 'yar fitila ruwan ɗorawa ta yi ta ƙyaftawa, wani layi a fuskar kwamfutar ya yi ta tafiya, ya wuce rabi, ya kusa ƙarshe, ya tsaya. Ja.

“Ayya,” matar ta ce. “Saura ƙiris. Sake gogawa, mu gwada na ƙarshe.”

Magini ya janye hannunsa ya sa a ƙarƙashin teburi.

“Malam, a yi a ba mu wuri mana!” wani ya ce daga baya. “Ba kai kaɗai ke da mara lafiya ba.”

Ya san gaskiya mutumin ya faɗa, amma hannun ya ƙi fitowa. Saura ɗaya. Yana ji a jikinsa cewa ƙiris ɗin nan ba gumi ne zai cike shi ba, kwanaki ne, kuma kwanakin babu su. Idonsa ya sauka a kan fuskar kwamfutar da aka ɗan karkato wajensa. Karatunsa ba mai nisa ba ne, sai ya bi rubutun da ke sama baƙi-baƙi, leɓensa na motsi. Kalma biyu ce kawai: Ɗora yatsa.

“Ranki ya daɗe, in yi tambaya?”

“Yi.”

“Dole ne sai babban?”

Ta buɗe baki za ta amsa, sai ta fasa. Ta mayar da tabarau ta dubi rubutun.

“Nan dai yatsa ta ce,” ya ƙara, muryarsa ƙasa-ƙasa. “Ba ta ce wanne ba. Kuma lokacin kati, duka goma suka ɗauka, ɗaya bayan ɗaya. Na tuna don ina kan sanda, sai da aka riƙe ni.”

Matar ta jawo aljihun teburi ta fito da wani ɗan littafi da ko ninkewa bai yi ba. Ta lashi yatsa ta yi ta buɗawa. Layi ya fara gunaguni. Ta ɗaga hannu ɗaya ba tare da ta ɗago kai ba, aka yi shiru.

“Ikon Allah,” ta ce. “Kowane daga cikin goman, haka aka rubuta. Tun da aka fara rajistar muna nan, kowa babban yake miƙowa, mu ma babban muke cewa. In an ce dangwala, wa zai kawo wani?” Ta rufe littafin. “Amma fa ban taɓa gwadawa ba, kada in yi maka ƙarya. Babban naka ya kusa. Wannan kuwa ban san abin da za ta yi ba. Kai za ka zaɓa. Kawo hannuwan mu gani.”

Ya shimfiɗa su a kan teburi, tafi a sama. Ta jawo fitilar wayarta ta bi su ɗaya-ɗaya. Manuni na dama, sumul. Na tsakiya, sumul, ga tsohon yanka. Na hagu ma haka, duk sun sha bango. Sai ta zo kan ƙaramin yatsan hagu, ta tsaya.

“Wannan fa, ba ya zuwa aiki ne?”

Magini ya duba. Ga zane nan cur, layi a bayan layi, suna zagaye kamar an zana da allura. Ya gwada riƙon katakon filasta a iska da hannun hagu, sai ya ga ashe ƙaramin a waje yake tsayawa, a ɗage, ba ya taɓa komai. Shekara ashirin da shida yana bin 'yan'uwansa wurin aiki yana kallo.

“Malalacin gidan ne,” ya ce.

“To, malalaci ko wanda aka yi wa jinya?”

Ya dubi babban yatsan da ya ci man shafawa na kwana bakwai, wanda ya bar matattakala saboda shi. Ya dubi ƙaramin. A sana'arsa, in ido da zuciya suka yi gardama a kan bango, ido ake bi. Ya yi bismilla, ya karkata hannu, ya kwantar da ƙaramin a kan gilashin. Bai cika ko rabinsa ba.

Na'urar ba ta ma yi dogon tunani ba. Kore.

Wata na'ura a gefe ta yi kuka ta turo 'yar takarda. Matar ta buga mata hatimi ta miƙa masa, kamar ba wani abu ya faru ba. Shi kuwa ya zauna yana duban takardar, sai da mai gadi ya taɓa kafaɗarsa. Yana kaiwa ƙofa ya ji ta ɗaga murya tana cewa duk wanda ya san aiki ya goge masa babban yatsa ya duba sauran tun yana kan layi. Wata tsohuwa mai hannun wanki ta ajiye jakarta a ƙasa ta fara duba nata.

Ɗaya ga wata ta faɗo ranar da babu makaranta. Tun sha ɗaya da rabi magini ya zauna a ƙasa kusa da firji, ya jingina da bango, agogo a hannu. Matarsa na kan keke, yarinyar na kwance a doguwar kujera da littafi.

“Takarda fa a hannunka take, Malam, da hatimi.”

“Takarda daban, waya daban.”

Sha biyu ta buga. Fanka ta rage gudu, ta rage, ta tsaya. Rediyon mai aski da ke ƙasa ya yanke a tsakiyar magana. Wani injin niƙa can ƙarshen layi ya yi shiru. Unguwar duka ta yi tsit, har ana jin kukan tantabaru a kan rufi.

Firjin ma shiru.

Magini ya manna kunne a jikinsa. Babu komai.

“Ya mutu,” ya ce.

“Hutawa yake yi, Baba. Kullum yana yi, in ya gama sanyi sai ya tsaya.”

“Ko kuma sun yanke.”

“Buɗe ka ga fitilar ciki mana,” in ji matarsa.

“Wace fitila? Wadda ta ƙone tun kafin a yaye Uwata? In na buɗe ma sanyin zan zubar.”

Keken ɗinki ya tsaya. Yarinyar ta kife littafin a ƙirji. Minti ɗaya, biyu, huɗu. Gumi ya gangaro masa ta bayan kunne bai share ba. A zuciyarsa ya riga ya sauka matattakala da farar roba a hannu, ya riga ya tari mota, yana lissafin asibitin da ya fi kusa da ko za su yarda su ajiye masa.

A minti na bakwai firjin ya yi wata 'yar girgiza, kwalaben ciki suka gaisa da juna, injin ya kama gurnaninsa na kullum.

Yarinyar ta ɗaga littafinta ta ci gaba daga inda ta tsaya. Matarsa ta sauke numfashi, ta taka keke.

“To alhamdu lillahi. Sai ka tashi daga ƙasa, ko?”

“Bari dai biyar ta yi.”

Ta dube shi, ta dubi 'yarta. Sai ta miƙa hannu ta ɗauko filon da ke bayanta ta jefa masa.